Jirgin Sarkin Ruwa da Motar da Ta Zauna da Gindi

Motar da ta fi ba ni wahala a duk shekarun da na yi ina gyaran sifirin, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi, a Talata Mafara, lafiyarta ƙalau. Injinta ba ya tari, birkinta yana kamawa, tayoyinta sababbi fil. Abin da ke damunta ɗaya ne: an ɗaura mata jirgin ruwa a baya, ta zauna da gindi ta ɗaga hanci sama kamar akuyar da ke miƙa wa reshe baki. Ku samarin yanzu da kuke cewa aikinmu ba komai ba ne, wai in mota ta zauna sai a ƙara wa sifirin ɗinta fallen ƙarfe a ɗaure noti a wuce, ku gyara zama. Da na bi irin shawararku a ranar, ban san ramin da za a je a tsinto mutanen cikinta ba.

Sunana Garba, amma in ba ka ce Garba Sifirin ba, ba wanda zai nuna maka ƙofar gidana. Ba da mota na fara ba. A maƙera na tashi, wajen Baba Nomau, ina zuga yana ƙira. Na daɗe ina zugar nan kafin ya bar ni in riƙe guduma, don a wajensa wanda bai san launin ƙarfe a wuta ba bai isa ya buge shi ba. In ya yi ja kamar gauta, ga abin da za a yi masa, in ya wuce haka ya fara fari, ka ƙona shi, sai dai ka yi wuƙar yankan kubewa da shi. Da aikin dam ɗin Bakolori ya zo, garinmu ya cika da tifa da manyan motoci, hanyoyi kuwa duk jar ƙasa ce da ramuka. Kullum sai sifirin ya karye ko ya kwanta. Wani direba ya kawo wa Baba Nomau falle ɗaya da ya miƙe, ya ce ko za a iya mayar masa da lanƙwasarsa. Tsoho ya juya shi, ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya ce a hura wuta. Daga ranar fartanya ta koma gefe.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Guntun ƙarfen reluwe shi ne maƙerarmu, sai guduma babba da ƙarama, awartaki, cizal, sifana, jak, da rabin duro na baƙin mai da muke tsoma falle in ya fito daga wuta. Sai karan dawa. Kada ku yi dariya, karan nan ya fi sifana amfani, za ku ji dalili. Masu kawo aiki kuwa iri biyu ne. Akwai direbobin tifa, waɗanda kullum sauri suke yi kamar an biyo su. Akwai 'yan kasuwar da ke bin Bakura da Maradun da a-kori-kura, su lafta mata albasa da buhuna har ta durƙusa, sannan su zo su rantse maka cewa sifirin ne ba shi da kyau. Baba Nomau ba ya musu da su. Sai ya ce mini, “Garba, kahin ka taɓa ƙarhe, je ka dubi abin da anka aza mashi.” Na ga shekarun cika, na kuma ga shekarar da aikin dam ya ƙare, motocin kamfani suka tafi, gareji ya yi tsit har kaji suna ƙwai a cikin tsofaffin tayoyi. A shekarar, karyayyun sifirin da muka tara a baya su na riƙa sarewa ina ƙera fartanya da lauje ina kaiwa kasuwar Bakura, da haka na riƙe gidana ban rufe wurin ba.

To, motar da nake ba ku labari ta zo ne tun kafin wannan, a daminar da ruwa ya fara taruwa a bayan dam. Baba Nomau ya tsufa ya bar mini wurin. Da hantsi sai ga wata babbar jif mai dogon bodi tana shigowa a hankali, tana jan tirela, a kan tirelar kuma jirgin ruwa na ƙarfe. Direban na san shi, Ladan, yana tuƙa wa wani Alhaji na Bakura. Wanda ya fito daga ɗaya ƙofar ban san shi ba: dattijo ne dogo, baƙi, da hannaye kamar itace. Ladan ya ce wannan shi ne Sarkin Ruwa Bawa na Tungar Faru, can wajen Maradun. Bayan motar kuma samari huɗu ne na garinsu.

Na durƙusa muka gaisa, gida, iyali, gajiya. Da na ce, “Ina ruwa, Baba?” sai ya ce, “Ruwa sun yi gyara,” yadda ake cewa. Sai bayan mun gama ya gaya mini irin gyaran. An tashe su daga Tungar Faru an ba su sabon wuri a tudu, sun kwashe mata da yara da dabbobi, amma geron bara yana can a rumbuna, don ba su gama gina wasu ba. Sun san ruwa zai zo, ba su zaci zai zo da wannan saurin ba. Ya yanke hanyar jakai, tsohon garin ya zama tsibiri, kullum yana ƙara matsewa. Ƙananan kwale-kwalensu dami kaɗan suke ɗauka, ruwan ya yi faɗi, in iska ta taso ba sa iya shiga. Shi ne suka samo wannan jirgin mai inji a sansanin ma'aikata, Alhaji ya ba da aron mota saboda Allah. Gonakinsu na bana ruwa ya riga ya shanye. Abin da ke cikin rumbunan nan shi ne abincinsu, shi ne kuma irin da za su shuka baɗi.

“Ɗana,” in ji shi, “an ce kai ad da sifirin garin ga. Ƙara muna hwalle biyu mu tahi. Kahin azahar nika son jirgin ga shi taɓa ruwa.”

Ladan ya ja ni gefe. “Garba, motag ga ba ta jin sitiyari. Daga sansani zuwa nan sau biyu tana neman kai ni rami. Awa wadda ba ta taka ƙasa.”

Ga abin da samari ba sa ganewa. Ƙugiyar da ake ɗaura tirela tana can bayan tayoyin baya. In ka danna wurin, abin da ke faruwa shi ne abin da ke faruwa in mai ƙiba ya zauna a bakin benci: ɗaya bakin ya tashi. Tayoyin gaba kuwa su ke juya mota, su ke yin yawancin aikin birki. In ka ƙara falle a baya, gindin zai ɗago, motar ta yi kyau a ido, mai ita ya yi maka godiya. Amma nauyin da ya bar gaba bai dawo ba, ɓoye shi kawai ka yi. Direba zai ga motarsa a miƙe ya taka mai, sai ya zo kwana a kan jar ƙasa mai santsi ya juya sitiyari, ita kuma ta ci gaba da tafiyarta.

Na sa aka kwance tirelar. Sai da samarin nan huɗu suka taru kafin suka ɗaga bakinta daga ƙugiya, suna nishi. Na ɗauko kara na tsayar a gefen tayar gaba, daga ƙasa zuwa bakin bodi, na yanke shi daidai. Aka mayar da tirela, na sake tsayar da karan. Tsakaninsa da bodi tafin hannuna ya shige har da saura. Na hau cikin jirgin in ga abin da aka ɗora. Injin an cire shi an naɗe da tsohon bargo, ga duro biyu na fetur, ga ƙaton dutsen da ake ɗaure jirgi da shi, duk an jera su tsaf a can goshin jirgin, daidai kan wuyan tirela.

“Wa ya yi lodin ga?” na tambaya.

“Ni na,” in ji Sarkin Ruwa. “Hakanan aka lodin jirgi tun kakanninmu. Matuƙi baya, kaya gaba, shi zauna daidai. Ko kai za ka koya mani?”

Gaskiyarsa ce, a kan ruwa. Na ce, “Ranka shi daɗe, bisa ruwa ba ni da ta cewa. Amma yanzu jirgin ga ba jirgi ba na, kaya na. Sai ya taɓa ruwa shi koma naka.” Sai ya ɗaga wa samarinsa hannu su kama aiki.

Muka jawo kayan tsakiya, amma bakin tirelar bai yi sauƙin da nake so ba. Da na leƙa ƙasa na ga dalili. Tirelar ba ta jirgi ba ce, ta ɗaukar bututu ce aka gyara. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyinta yana can ƙarshenta, jirgin kuma ya fi ta tsawo, gindinsa yana reto a iska. Yawancin jirgin yana gaban tayoyi, don haka motar ce ke ɗauke da shi a wuya. Sarkin Ruwa mutum ne mai kai, nan take ya gane. Ya ce to ai da sauƙi, a tura durorin can ƙarshen baya su rinjayi gaba. Na san ba zai yi ba, amma na bari a gwada, don mutum irinsa ba ya yarda da abin da bai gani ba. Aka tura, bakin ya yi sauƙi, kara ya ce gaba ya sauko. Ladan ya fita titi da mu a ciki. Yana sa giya ta uku tirelar ta fara kaɗa wutsiya, dama, hagu, tana jan gindin motar tare da ita, ƙarfen jirgin kuma yana kuka daidai inda ya wuce tirela. Ladan ya tsaya yana salati, gumi ya jiƙa masa riga.

Da muka dawo na faɗa wa Sarkin Ruwa abin da za a yi. A yanke kunnuwan ƙarfen da ke riƙe da sifirin tirela a matso da tayoyin gaba, a ƙarƙashin cikin jirgin. A rage tsawon ƙugiyar motar, don wanda ya yi ta ya bar ta ta fito da yawa. Sannan a kwance sifirin motar na baya, waɗanda dama sun gaji da buhunan Alhaji, a mayar musu da lanƙwasa, a ƙara falle ɗaya tak. Ya ce zuwa yaushe. Na ce gobe da safe.

“Gobe?” Muryarsa ta sa mai shayin da ke gefe ya juyo. “Ka san mi ruwa ka yi cikin kwana guda? Nawa rumbun shi na bakin ruwa, shi aƙ ƙasa da na kowa. Da nit taso, tsakaninshi da ruwa bai kai tsawon gora ba. Geron da ac ciki irin ubana na, ba shi kasuwa.”

Ɗaya daga cikin samarin ya ce su biyu za su zauna a kan bonet su danne gaba, ai haka ake yi wa a-kori-kura. Na ce in dai a garejina aka ɗaura, ba ɗan wanda zai hau bonet a hanyar Maradun da damina. Sarkin Ruwa ya ce akwai wasu masu gyara a garin. Na ce akwai, har na nuna masa hanyar. Na ce, “Baba, za su ƙara maka hwalle, kahin azahar kana hanya. In jirgin ga ya kihe cikin rami, ba rumbunka ɗai ba, na garinku duka ya tahi, kuma babu wani jirgi. Ni ba ni sa hannuna ga wannan. In ka bari in yi yadda nis sani, gobe ni ka zama gaba tare da Ladan har bakin ruwa.”

Ya je ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya fito da carbi. Ni kuwa ban jira izini ba, na sa samarinsa muka ɗaga tirelar da jak muka dangana ta a kan durori da katakai. Na kama cizal da guduma. Mai waldar da ke maƙwabtaka da ni ya jawo wayarsa. Wurin da ya fi wuya shi ne awo, don in kunnen dama ya fi na hagu gaba ko da yatsa ɗaya ne, tirelar za ta riƙa tafiya a karkace kamar kare, tana cin taya. Da igiya muke aunawa, daga bakin tirela zuwa kowane gefe. Ina fama da igiyar, wanda ke riƙe mini ɗaya bakin yana ta motsi, sai na ji an ce masa, “Ba ni nan, ba ka iya riƙo ba.” Sarkin Ruwa ne. Ya danne igiyar da babban yatsa, ba ta ƙara motsi ba. Da muka koma kan sifirin motar, shi ya karɓi zugazugi. An kawo tuwo bai ci ba. Ya tambaye ni ko ba za a zuba wa fallen ruwa ya yi saurin hucewa ba, na ce zai yi tsauri ya karye a ramin farko. Bai sake tambaya ba, ya ci gaba da zuga.

Washegari bayan sallar asuba muka yi lodi: inji da durori a kan tayoyi, an ɗaure su tam, dutse ɗan gaba kaɗan. Na ce saurayi ɗaya ya ɗaga bakin tirelar. Ya ɗaga da nishi, kamar mai ɗaga buhun gero. Haka ake so. In ya gagari mutum ɗaya ya yi nauyi, in ya tashi da hannu ɗaya zai kaɗa wutsiya. Aka ɗaura, na tsayar da karana, yatsa ɗaya ne ya shiga. Na ce Ladan ya tayar.

Hanyar ta yi abin da na zata. An yi ruwa da dare, jar ƙasa ta zama kunu. Akwai wani gangare mai kwana kafin wata kwalbati, Ladan ya sauka da giya ta ɗaya, ya juya, motar ta juya. A wani fadama muka nutse har rabin taya, ya sa giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, na gaba suka kama ƙasa suka fid da mu, abin da ba za su iya ba da suna sama. Sarkin Ruwa idonsa yana gaba, yana ta cewa a ƙara wuta, Ladan yana cewa to, ba ya ƙarawa.

A bakin ruwa muka tarar da mutanen Tungar Faru, maza da mata da jakuna, tun jiya suke jira. Ladan ya yi baya har tayoyin tirela suka nutse, jirgi ya sauka ya yi iyo. Nan take dattijon nan ya zama wani mutum. Ya sa aka ɗaura inji, ya ce wane ka zauna can, wane ka matsa, ni ma ya nuna mini wurina na zauna. Da muka kusa tsohon garin sai na ga rumbunan a jere, da hulunansu na ciyawa. Ɗaya yana can ƙasa shi kaɗai, ruwa ya rufe duwatsun da yake zaune a kai ya fara lasar ƙasar jikinsa. Ba sai an gaya mini na wane ne ba.

Mutanensa suka ce a fara da nasa. Ya ce a'a. A al'adarsu Sarkin Ruwa ba ya haye da kayansa alhali na talakawansa suna baya, haka ya tarar, haka zai bari. Aka fara da na matan da mazansu suka rasu, sai na tsofaffin da ba su da samari, sai na sauran. Na tuɓe riga na shiga layin masu miƙa dami. Jirgi ya je ya dawo, ya je ya dawo, yana cika har baki. Duk sawun da muka dawo sai na saci kallon rumbun nan, jiƙar tana hawa jikinsa. Shi ko sau ɗaya ban ga ya dube shi ba.

Bayan la'asar muka sauke na mutum na ƙarshe muka juyo domin nasa. Muna tsakiyar ruwa muna kallo ya karkata a hankali, ya tsage ta gefe, ya zauna cikin ruwa. Hular ciyawar ta tafi ita kaɗai. Dammunan suka kwance, zangarniyar gero ta bazu a kan ruwa tana tafiya da iska. Wata mata a gaɓa ta sa kuka. Ni kaina raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, don na san kwana ɗayan da na riƙe shi ne ya jawo wannan.

Sarkin Ruwa ya kashe inji. Ya miƙe tsaye ya ƙwala wa masu ƙananan kwale-kwale kira, “Ku kawo taru!” Taru ita ce doguwar ragar da suke zagaye kifi da ita. Suka kama baki ɗaya, mu muka kama ɗaya, aka zagaye geron da bai nutse ba aka ja. Na yi shekaru ina ganin masunta, ban taɓa ganin an ja taru domin gero ba sai ranar. Ya yi nauyi da ruwa da laka, igiyar ta yanke mini tafin hannu, ba wanda ya saki. Abin da muka fitar bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ke rumbun ba.

A gaɓa ya sa aka shanya shi a kan tamfol, da rufin motar, da bonet da ke da sauran zafin rana, don kada ya tsira ko ya yi fumfuna. Yana juya zangarniyar ɗaya bayan ɗaya, na je na tsaya kusa da shi.

“Da mun taho jiya, da na iske shi busasshe,” in ji shi, bai dube ni ba.

“Baba, da kun taho jiya…”

Ya ɗaga hannu. “Na sani. Na ga gangaren.”

Bayanmu dammunan garin ne a tare kamar tudu, mata suna ware na kowane gida, ana ɗora wa jakuna. Ya ɗauki zangarniya ɗaya daga kan bonet, ya murza a tafin hannunsa, ya hure, ya ciji ƙwaya ɗaya. Ya daɗe yana duban abin da ke shanye, daga wannan bakin tamfol zuwa wancan.

“Ba ya isa tuwo,” ya ce. “Amma ya isa iri. Kama mani mu juya wancan, rana na hwaɗuwa.”